Daw Mya Khet Ta Leƙa Rufi

Sai da Daw Mya Khet ta jefa ƙafa ɗaya cikin kwandon balan-balan mai tashi da mutane sama sannan ta tuna da takalminta. Ta tsaya a haka, rabi ciki rabi waje, balan-balan ɗin na ta kumbura a samanta, wutar gas na ruri.

"Ɗan nan, ta kan ɗakunan bauta za mu bi?"

"Ta kansu, Gwaggo," in ji Ko Zeyar Lin, matuƙin.

"Da takalmi?"

Shekara talatin da ɗaya tana sharar wani ƙaramin ɗakin bauta a kudancin garin Bagan, babu baƙon da ya taɓa taka dakalinsa da ko safa ba ta koro shi ba. Yau kuma a ce ita ce za ta ratsa kan dubunsu da silifa.

Ƙawarta Daw Tin Hla, wadda tuni ta shige ta kama wuri mai kyau, ta ce, "To ƙafar fa? Ita ma cirewa za ki yi ki bari a ƙasa? Shigo, kin tsare mutane."

Ta shiga, amma sai da ta tuɓe, ta yi wa matuƙin alkawarin za ta mayar kafin sauka.

Gayyatar ta Tin Hla ce. Ƙarshen kowace kaka kamfanin balan-balan ɗin kan ɗauki mutanen da yake sauka a gonakinsu, kowa da baƙonsa ɗaya. Kwana uku Mya Khet ba ta iya cin abincin kirki don murna ba, kuma ba yawo ne ya kawo ta ba. Shekara biyu ke nan bangon da ke bayan mutum-mutumin Buddha yana jiƙewa, zanen jikinsa na ɓarewa. Ta ce rufi ne ke yoyo. U Thaung Sein, jami'in da ke duba wurin, ya ce ruwan gugarta na wanke daɓe ne, tsohuwa ce ba ta san ya isa ba, kuma in damina ta kama bangon bai bushe ba zai kawo wata mai sharar. Matakalar rufin tana kulle tun wata girgizar ƙasa da aka yi, shi kuma ba mai hawa ba ne, ko kujera sai ya dafa. Abin da take so kawai ta ga rufin nan da idonta, a ɗauka mata hoto.

Ko Zeyar Lin ya nuna musu yadda za su durƙusa su riƙe igiya lokacin sauka, sannan ya ja wuta. Zafin ya daki tsakiyar kanta har ta dafe furen da ta soka a gashi. Tana jiran jijjiga irin ta motar haya, sai kawai ta ga mazan da ke riƙe da kwandon sun saki, sun fara gajarta.

"Tin Hla, mun tashi?"

Mai bakin ɗazu ta runtse ido, ta ƙanƙame gefen kwando tana motsa leɓe.

Mya Khet ta fashe da dariya, irin wadda rabonta da ita tun tana budurwa. Ga kan giginya a ƙarƙashinta, abin da ba ta taɓa zaton yana da fasali ba. Ga hazo kwance tsakanin gonakin riɗi, jajayen hasumiyoyi na ɓullowa daga cikinsa. Ba iska ko kaɗan, gashin goshinta ma bai motsa ba. In wutar ta yi shiru kuwa, komai na ƙasa a kunnenta yake: carar zakara, kukan amalanke, wata mata tana yi wa mijinta faɗa a kan akuya.

"Buɗe ido, matsoraciya, ga gonarki can. Ashe ƙarama ce. Duk cika bakin nan a kan wannan ɗan tabarmar?"

Tin Hla ta buɗe ido ɗaya. "Ba ita ba ce. Tawa ta fi haka."

Rana ta leƙo ta bayan duwatsu, kogi ya yi ja. Can hannun dama Mya Khet ta hango nata ɗakin bautar, ɗan guntu mai karyayyen tsini, kusa da tsamiya biyu.

"Ga shi can. Ɗan nan, karya dama."

"Gwaggo, ba ni da sitiyari."

"Kamar yaya?"

"Sama da ƙasa ne nawa. Sauran na iska ne, inda ta nufa can muka nufa."

Ta dube shi sama da ƙasa. Babban mutum da hula da tabarau, ashe fasinja ne shi ma. Ba wanda ya gaya mata haka. Ɗakin nata kuwa ya fara zamewa baya a hankali, tsamiyoyin suna rufe shi. Murnar ta tsinke mata, tsoro ya maye gurbinta, tsoron ranar da za ta miƙa tsintsiya da makulli ga wata yarinya. Ta zayyana masa komai a gurguje, bango, U Thaung Sein, damina.

Matuƙin ya leƙa ƙasa yana kallon hayaƙin murhun wani gida, wanda ya miƙe kaɗan sannan ya kwanta dama.

"Iskar ƙasa daban take tafiya. Zan gwada, ban yi alkawari ba. Jama'a, za mu yi ƙasa kaɗan, kada kowa ya tsorata."

"Wa ya ce mun tsorata?" in ji Tin Hla, ta sake runtse ido.

Ya bar wutar ta huta. Suka yi ta sauka har ganyen giginya ya kusa shafar gindin kwando, wani mai hawa ɗibar ruwan giginya ya ɗago musu hannu. Sai Mya Khet ta ji a cikinta an karkata. Tsamiyoyin suka dawo, suka rabu, ɗakin ya taho kamar an kira shi.

"Wayarki, Tin Hla, wayarki. Ɗauka. Ɗauka da yawa."

Suka bi ta kansa, kusa har tana ƙirga bulo. A bayan ƙaramar katangar da ta kewaye rufin, inda ba a gani daga ƙasa, akwai tsaga mai tsawon hannu, daidai kan bangon da ke jiƙewa. Ta buga tsalle har kwandon ya girgiza.

"Na faɗa. Ban faɗa ba? Ruwan guga, wai ruwan guga."

"Me ya tsiro a ciki?" in ji Tin Hla, wadda yanzu idonta biyu a buɗe.

Gwanda ce. Siririya, ta kai tsayin mutum amma ta karkata ta kwanta bayan katangar, saiwarta ta buɗa bulo, ga 'ya'ya huɗu dogaye a wuyanta.

Tin Hla ta juyo a hankali. "Yaya, wannan ba irin ta bayan gidanki ba ce? Doguwar nan?"

Mya Khet ta sake duban bishiyar. Kullum da safe takan yanka gwanda ta ajiye gaban Buddha. Da hantsi ta kwashe, ta cilla wa hankaki kan katanga, da ɓawo da iri, don kada sadaka ta lalace a kwandon shara. Ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta inda suke kaiwa ba. Kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa.

Kafin sauka ta mayar da takalminta. Da matuƙin ya ce a durƙusa ta durƙusa, ta kama igiya. Kwandon ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya ja su kaɗan cikin wata gonar gyaɗa da aka riga aka tone, sannan ya tsaya. Aka yi ta tafi. Ma'aikata suka iso da teburi da kwalabe, aka miƙa wa kowa takardar shaida da sunansa a jiki.

Tin Hla ta ja ta gefe, tana juya hotunan da yatsa.

"Duba, wannan tsagar kaɗai ta fito, ganyen bai shiga ba. Shi za mu nuna masa. Sauran in goge, ba wanda ya ji ba wanda ya gani."

Mya Khet ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Hoton ya yi kyau, ya wanke ta tas. Amma da shi U Thaung Sein zai rubuta takarda ne ya jira maginan da ba za su zo ba sai bayan damina, saiwar kuma tana nan tana cin bulo a kan Buddha. Ta matsa gaba zuwa wanda bishiyar ta fito gaba ɗaya.

"Wannan za ki tura."

"Zai gane fa. Kowa ya san gwandarki."

"Na sani. Ki ce masa tawa ce, ya zo yau da makulli da adda." Ta miƙa mata wayar. "Ya taho da kwano kuma. Biyu sun nuna."