Abin da Ke Ƙasan Rubutun Edita

Tun ranar da rediyo ya ce ana shirin kafa doka a kan abin da mutane ke rubutawa a intanet, mai gyaran agogo ya kasa zaune ya kasa tsaye. Edita 'yan layinsu ke kiransa, don shekara tara ke nan kullum sai ya ɗora rubutu a shafinsa. A ganinsa kuwa, in hukuma za ta fara shara, ta kansa za ta fara. Ya rufe rumfa da agogon mutane a kwance ciki a buɗe, ya nufi shagon buga takardu don a buga masa duk rubutunsa kafin a share.

Mai shagon, wata mata da ba ta iya ɓoye dariya ba, ta ce a zuba masa komai a ɗan filashi, ƙaramin abin adana bayanan kwamfuta. Ya ce sam, abin da bai kai yatsa ba ai ɓera ma sai ya haɗiye. Takarda yake so. Ta tambaya ko a haɗa da sharhin da mutane suka yi a ƙasa. Ya kaɗa hannu, wai surutun jama'a ne, tarihi ba ya buƙatarsa.

Inji ya wuni yana tari, ita kuma tana karantawa da ƙarfi, wai don kada a tsallake shafi. Ashe duk gwagwarmayar Edita ba ta wuce kwatar bayan gidansa ba, da tsadar batir, da zakaran maƙwabci mai cara ba a kan lokaci ba. Rubutu goma sha ɗaya a kan zakara kaɗai! Masu jiran layi suka riƙe ciki. Wani ya ce in dai aka kama shi, to zakaran ne ya kai ƙara. Edita ya murtuke fuska, ya ɗaure takardunsa a bayan keke, ya yi gaba.

A gida ya jiƙa yatsa ya fara buɗawa. Tun shafi na uku ya ji abin lami, kamar miya ba gishiri. Ya karanta dogon bayaninsa a kan kwata har ƙarshe, idonsa ya gangara ƙasa inda ya saba, ya tarar da farar takarda. A nan matarsa take sa baki. Babu rubutun da zai wuce ba ta tanka ba: "Sannu gwani, in ka gama gyara duniya ka taho da sabulu." Shekara biyu ke nan da rasuwarta, kuma ko wasiƙa ɗaya ba ta bari ba sai waɗannan. Wato ya kwaso nasa shirmen, ya baro ta can a bakin tsintsiyar hukuma.

Ko takalmi bai gama sawa ba ya koma. Mai shago tana shirin jan ƙofa ta ce, "Baba, ko an manta zakara ɗaya ne?"

"'Yata, sake bugawa za ki yi. Na ƙasan nake so."

"Surutun jama'ar duka?"

"Na mutum ɗaya." Ya faɗi sunan matarsa.

Ta kunna inji, ba ta ƙara tsokana ba. Takardar farko ta fito da ɗumi, layi ɗaya tal a kanta. Ya gyara tabarau ya karanta: "Bar zakara ya huta, agogonka ne ke latti." Ya yi dariya har sai da ya goge ido, ya ce ta ci gaba, kada ta tsallake ko ɗaya.