Jif Mai Durƙuso

Wata takwas ke nan da na sayi jif ɗin nan ta hannu, kuma wata takwas ke nan rabona da karya kumallo a zaune. Baƙa ce wuluk, kujerun fata, ƙofarta in ta rufu sai ka ji duniya ta yi tsit. Ni kuwa ma'aikacin ofis ne mai jiran albashi. Ranar da dillali ya miƙo mini makulli, na dafa murfin injin na ji shi da ɗumi, na ce a raina rana ce ta buge shi. A inuwa take fa.

Washegari na fito na same ta ta durƙusa da baya kamar raƙumi, ƙugunta ya kusa taɓa taya. Bakanikena, wanda kowa ke kira Sanƙo, ya leƙa ƙarƙashinta ya fito yana murmushin da ba na so.

"Oga, wannan ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan iska take. Jakunkunan roba ne, kuma na baya sun huje. In ka tayar da ita, famfo zai hura su ta miƙe. In ka kashe, sai ta sauka a hankali."

"Nawa ne gyaran?"

Ya faɗa. Albashina ne na wata uku, ban da kuɗin hannu.

Kafin in tara kuɗin jakunkunan, lagireto ya fashe a tsakiyar cunkoso, muka zuba albashin wata guda. Sannan baƙin mai ya fara ɗiga, ya yi wa simintin ƙofar gida tabo. Sannan giya ta koyi shuri tsakanin ta biyu da ta uku. Kowace safiya sai in riga maƙwabta fitowa, in tayar da ita, in tsaya ina zagaye har ta miƙe, don kada a gan ta a durƙushe. A ofis ma ba na zama. Da farko kwana take yi kafin ta sauka, daga baya awa guda ta ishe ta, sai na koma leƙa taga kamar mai jiran baƙo.

"Baban yara, je ka gaida Hajiyarka," matata ke cewa in ta ga na ajiye kofin shayi. "Ko ni ba a tashina da lallashi haka."

Na gaji, na ce wa Sanƙo sayar da ita zan yi. Ya share hannu da tsumma ya ba ni darasi kyauta. "Minti ashirin kafin mai saye ya zo, ka tayar da ita ta yi ɗumi. Za ta miƙe, giyar ma ba ta shuri in mai ya yi zafi. Ka ajiye ta a kan tabon nan ta rufe shi. Fitilar da ke kamawa a gaban direba kuwa, kawo in goge da na'ura, sai bayan kwana biyu za ta dawo."

"Wato haka aka yi mini."

"Haka ake yi wa kowa, Oga."

Na ji haushi, amma na miƙa masa makulli ya goge fitilar.

Mai sayen da ya fara kira, ban taɓa kawo shi a raina ba. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda na zauna a gidansa duk shekarun karatuna. Ya yi ritaya, an biya shi kuɗin sallama, kuma ya ji labari a bakin dangi.

"Ɗana, an ce za ka rabu da babbar motar. Kada ka kai ta waje. Ƙarfe huɗu ina nan tafe."

Na so in ce an riga an saya. Bakina ya ce, "To, Kawu, sai kun zo."

Huɗu saura minti ashirin na tayar da ita. Ta miƙe tsaf, ta zauna a kan tabonta. Ina jin tsayuwar motar tasi a ƙofar gida na kashe, na ruga ciki na zauna kamar tun ɗazu nake hutawa.

Kawu ba mai gaggawa ba ne. Ya gaisa da matata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sha ruwa, ya shiga labarin ciwon gwiwarsa. Ni ko idona na kan agogon bango. Minti ashirin da biyar. Na tashi na gyara labule, na dawo. Na sake tashi, wai ina neman caja.

"Zauna mana, kamar mai ƙaiƙayi," in ji shi.

"Kawu, ko mu fita ku gan ta? Ku ɗan zaga da ita."

"In zaga da me? Ni na san inji ne?" Ya yi dariya. Ya ce shekara talatin da biyar yana hawan babur, kuma matarsa yanzu ba ta iya ɗaga ƙafa ta hau bayansa, ga asibiti duk mako. So yake ya kai ta a mota mai laushi. Ya laluba aljihu ya fito da waya. "Da a hannun dillali ce, da na zo da bakanike. Amma daga hannunka take. Faɗi lambar asusunka."

Matata tana tsaye a bakin ƙofar kicin da faranti a hannu. Kallona kawai ta yi. Kunya ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina ɗalibi a gidansa.

Na ɗauki kujerun roba biyu na fita da su. "Kawu, ku zo mu zauna a waje tukuna."

Na fara jan sa zuwa gabanta. Na kama hannunsa na ɗora a kan murfin injin, na ce ɗumin nan ba na rana ba ne, sannan muka zauna muna fuskantar bayanta. Na faɗa masa zancen jakunkunan, da giya, da fitilar da aka goge, da kuɗin kowanne. Ina magana tana sauka, kaɗan-kaɗan, tana fitar da iska siririya, har ƙugunta ya rufe rabin taya.

Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da wayar aljihu.

"Kai ka ɗumama ta kafin in zo?"

"Ni ne."

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa.

"To tayar da ita ka kai ni gida," ya ce. "Ko sau ɗaya ne, in ji yadda take."

Na murza makulli. Muka tsaya mu biyu a gefenta, babu mai kallon wani, muna jira ta miƙe.