Tukunyar Matar Kuwabara

"Ba zan tashi ba," in ji Shiori Hatanaka.

Tana zaune a kan matakalar ƙarfe daidai ƙofar maƙwabcinta, ta cusa hannuwa cikin rigar sanyi. Teraoka mai gidan yana tsaye a ƙasa da shebur ɗin kwashe ƙanƙara, makullan ɗakunan duka suna lilo a ƙugunsa.

"Hatanaka-san, na ce ki koma ɗakinki. Mutum ya bi ƙofa ƙofa ya yi sallama, yana can ƙasar zafi yana shan ruwan kwakwa, ke kuma kina so in fasa masa ɗaki?"

"Ban ce ka fasa ba. Makulli na ce ka sa."

"Ba a buɗe ɗakin ɗan haya sai da izininsa. Ba su koya miki wannan a jami'ar ba?"

"Sun koya mini. Har lambar 'yan sanda sun koya mini."

Mai ɗakin, Kuwabara, tsohon direban bas ne a nan Morioka. Bango ɗaya ya raba shi da Shiori, tana jin tarinsa, shi kuma yana jin duk faɗan da take yi da shugabanta na ofis ta waya. Tun damina yake shirin zuwa birnin Chiang Mai, can ƙasar zafi, ya yi wata huɗu. Ya gano cewa kuɗin kananzir da yake ƙonawa a lokacin sanyi sun kusa biya masa hayar ɗaki a can, daga nan kuma ba shi da wata hira sai wannan. Ya koma cin abinci sau biyu a rana don ya gwada ko cikinsa zai yarda da lissafinsa. Ita ta yankar masa tikiti ta wayarta, ita kuma ta tsaya kai da fata sai ya biya inshorar asibiti.

"Kaka, idan ka kwanta ciwo a can fa?"

"'Yar jami'a, hutawa zan je, ba jinya ba. Wannan kuɗin ai ya ishe ni mangwaro har in dawo."

"Biya, ko in soke tikitin."

Ya biya yana ƙunƙuni, ya ce duk wanda ya aure ta ya shiga uku.

Ba abin da ya bari a baya. Ya tsayar da jarida. Ya gaya wa mai kawo madara ta huta sai bazara. Ya sa gidan waya su riƙa tura wasiƙunsa wurin ɗan ƙanensa a Sendai, ya rufe gas, ya tsiyaye ruwan famfo don kada ya daskare ya fasa bututu. Allon sanarwar unguwa da ake miƙawa daga gida zuwa gida ma ya ce a riƙa tsallake ƙofarsa. A wannan layin kuwa da waɗannan abubuwan ake sanin tsoho yana nan lafiya: jarida ta taru, madara ta kwana a waje, sai a ƙwanƙwasa. Kuwabara ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, yana ta murna da abin da ya rage.

Abu ɗaya ne ba ya tsayuwa, wato tukunyar marigayiya matarsa. Dusar shinkafa ce da gishiri, wadda ake binne kokwamba da gauta a ciki su tsumu, kuma kullum sai an sa hannu an juya ta, in ba haka ba ta lalace. Matar ta zo da ita daga gidan uwarta. Tun da ta rasu bai taɓa fashin juyawa ba.

"Da asuba zan fita, zan ajiye miki ita a ƙofa," ya ce wa Shiori ana gobe tafiyar. "Ko da yake ban sani ba ko hannun da ya saba da kwamfuta zai iya shiga dusa."

Da safe ba ta ga komai a ƙofarta ba. Ta ɗauka ya canja shawara ne, ya kai wa tsohuwa Ogata ta ɗakin ƙasa, ta ji haushi ta share. Sai yau, kusan mako biyu ke nan, da suka haɗu wurin zubar da shara, Shiori ta ce mata, "Ya tukunyar Kaka? Tana ba ki wahala?"

"Wace tukunya, 'yar nan?"

Wayarsa kuwa ya riga ya sa an dakatar da ita, don kada ya biya kuɗin wata huɗu a banza.

Yanzu Teraoka ya hau matakala biyu, ya sassauta murya. Labulen tagogin ƙasa yana motsi.

"Tsoho ne, ya manta. Don tukunyar dusa za ki tara mini motocin 'yan sanda a ƙofar gida? Kin san abin da ake cewa da gidan da aka ga haka. Ɗakuna uku nake da su babu kowa."

"Mutumin da ya tuna da madara ba zai manta da matarsa ba."

"Hayarki za ta ƙare a watan Maris. Ki tuna da wannan."

"Na tuna," ta ce, ta ciro wayar.

'Yan sanda biyu suka zo, suka sa Teraoka ya buɗe. Sanyin ɗakin ya fi na waje. Ba sai da aka shiga ciki ba. Kuwabara yana zaune a bakin dakalin cire takalma, ya jingina da bango, sanye da rigar fita da hularsa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a gabansa. Akwatinsa na gefe. A cinyarsa kuma tukunyar ce, an ɗaure ta cikin shuɗin ƙyalle.

Likita ya ce zuciya ce ta tsaya tun asubar tafiyar, kuma ba ta ba shi wahala ba. Ɗan ƙanen ya zo daga Sendai, ya yi abin da ya kamata cikin kwana biyu. Da ya ga tukunyar ya tambaya ko ranar wace shara ake fitar da irinta. Shiori ta karɓe ta daga hannunsa.

Bayan haka gidan ya canja mata. Tsohuwa Ogata, wadda ta yi mako biyu tana barci a ƙarƙashin ɗakin, ta daina haɗa ido da ita. Ma'auratan ɗakin ƙarshe suka tashi. Teraoka yana gaishe ta da ladabin da ya fi zagi ciwo, kuma a watan Maris bai sabunta hayar ba. Ɗakin da ta samu yana bayan gari, ya fi tsada, ga tafiyar awa guda a bas kafin ta kai ofis, a layin da Kuwabara ya yi shekaru yana tuƙawa. Wannan ne abin da zaman matakalar ya ci mata, kuma da za a sake, nan za ta sake zama.

Dusar ba ta mutu ba. Kuwabara ya rufe samanta da gishiri mai kauri kafin ya ɗaure, sanyin ɗakin kuma ya riƙe ta. Shiori ta kwashe gishirin da cokali, ta naɗe hannun riga, ta tura hannu har ƙasa. A can ta taɓa wani abu mai tauri. Kokwamba ce guda biyu da ya binne mata, sun yi baƙi, gishiri ya cinye su. Ta wanke ɗaya, ta yanka siriri, ta zuba shinkafa, ta zauna ta ci a tsakanin kwalayen da ba ta kwance ba tukuna.