Kada Wayar Sista Ta Mutu

Duk mutumin da yake amfani da waya yadda kamfani ya ƙera ta, bai taɓa buɗe cikinta ya zuba mata manhajar da ya zaɓa da kansa ba, ɗan haya ne a cikin aljihunsa. Wannan ita ce matsayar Injiniya, kuma ya yi shekara shida yana kare ta a ɗakin malamai, da shagon aski, da wurin cin abinci a gidansa, inda masu sauraro ba su da hanyar tsira. Labarin ƙasa yake koyarwa a sakandare. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Injiniya ranar da ya gyara fankar aji ta koma juyawa da baya, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Wayoyin Android huɗu ya 'yantar a gidan. Biyu daga ciki suna kwance a durowa ba sa ko motsi, amma a cewarsa da mutuncinsu suka tafi.

Matarsa ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin unguwa. Kowa Sista yake ce mata, har shi. Asibitin ya ba kowace ungozoma wayar aiki, wadda a ciki take rubuta bayanan masu juna biyu da take zagayawa gida-gida: suna, da watannin ciki, da awon jini, da wasu abubuwan da matan ba su faɗa wa mazajensu ba. Ranar da aka ba ta wayar ta sa hannu a wata takarda mai shafi biyu, ba ta karanta ba, kamar kowa.

Wata Asabar da safe ta yi kuskuren cewa wayar ta cika nauyi, sai ta daɗe kafin ta buɗe shafi. Ta faɗa ne kamar yadda ake ƙorafin zafin rana. Ta bar ta a kan tebur ta tafi gaishe da mahaifiyarta. Da ta dawo bayan la'asar, ta tarar da wayar a jone da kwamfutar Injiniya, shi kuma yana zaune da fuskar wanda ya yi sadaka a ɓoye yana jiran a gano.

Ya ce ya yi mata filashin. Ya kwashe tarkacen da ta zo da shi, ya zuba sabuwar manhaja mara nauyi, ya mayar da manhajar asibiti da bayanan ciki yadda suke. Don ta ga saurin tashinta, sai ya kashe ta ya kunna.

Fuskar wayar ta yi baƙi. Sai wata alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku ta bayyana a tsakiya, da rubutu a ƙarƙashinta: an buɗe makullin wannan waya, ba za a iya amincewa da manhajar da ke cikinta ba. Rubutun ya tsaya daƙiƙa goma cif, kafin wayar ta tashi kamar babu abin da ya faru.

Sista ta tambaye shi ko kullum haka za ta riƙa yi. Ya ce a'a, sai dai in an kashe ta an kunna, kuma ba komai ba ne illa gunagunin kamfani da aka ƙwace wa mulki. Ta ce ya mayar mata da ita yadda take. Ashe manhajar da wayar ta zo da ita ta asibitin ce, ba a samun ta a intanet, shi kuma bai ajiye ba, don a cewarsa mutum ba ya share ɗaki sannan ya adana sharar.

Ga yadda tsarin asibitin yake. Kullum da ƙarfe takwas, ungozomomi shida sukan jera wayoyinsu a kan teburin Babbar Sista, fuska sama, har bayanan jiya su gama tafiya. Wadda wayarta ta mutu, a nan kan teburin ake jona ta a kunna, gaban kowa. Babbar Sista mace ce da ta taɓa gano an sauya mata audugar kabad daga ƙamshi kawai. Ba za ta rasa ganin alama ruwan ɗorawa a ƙarƙashin hancinta ba.

Saboda haka tun daga ranar Litinin, Sista ta sami aiki na biyu: kada wayar ta mutu.

Sabuwar manhajar tana da sauri, wannan gaskiyar Injiniya ce. Tana kuma shan batir kamar an huda shi. Wayar takan yi zafi a aljihun farar rigarta kamar jariri mai zazzaɓi, Injiniya ya ce ƙarfi ne da aka daɗe ana dannewa yake fita. Ta koma yawo da caja biyu da fawa banki a jakar da take saka safar hannu. In ta shiga gidan mai ciki, kafin ta tambayi ko yaro yana motsi, sai ta ji bakinta ya riga ta tambayar ko akwai wuta. Ta san soket ɗin bayan firij a gidaje goma sha ɗaya. Tana auna bugun zuciyar mace da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin aljihu yana lalubar ko wayar tana da rai.

A Larabar mako na biyu aka wayi gari babu wuta tun daren Talata, fawa bankin ma ya ƙare. Ta ajiye wayar a kan tebur da kashi huɗu. Ranar ce kuma Babbar Sista ta zaɓa ta yi jawabi a kan wanke hannu. Sista ta tsaya a layi, idonta a kan ɗan lambar da ke kusurwar wayar. Huɗu ya koma uku ana maganar tsakanin yatsu. Uku ya koma biyu ana maganar farce. Zufa ta tsiyayo mata ta bayan kunne. Abokiyar aikinta da ke gefe, wadda suke kira Gajera, ta zungure ta da gwiwar hannu ta raɗa mata cewa in naƙuda ce ta faɗa, ai a wurin da ya dace take. Sista ta yi ƙoƙarin murmushi, leɓenta ya ƙi. Da aka sallame su ta fizgi wayar, ta shige ɗakin tafasa kayan aiki, ta zare filogin butar shayi ta jona. Kashi ɗaya.

Da ta ba Injiniya labari, ya ce matsalar ba ta manhaja ba ce, ta tsarin asibitin ce, wanda aka gina a kan rashin yarda da ma'aikaci.

Washegari aka manna sanarwa a jikin ƙofa. Ranar Alhamis mai zuwa Mai Na'ura zai zo daga babban ofis ya duba duk wayoyin aiki, ya saka musu sabon gyara. Gajera, wadda ta ga irin wannan bara, ta ce ba wani abu ba ne, kashewa kawai yake yi ya kunna ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya ya kwashe yinin Lahadi a zauren masu irin aƙidarsa a intanet. Wani mai hoton kyarkeci a madadin fuska ya ba shi wani fayil, ya ce ko dai ya ɓoye alamar, ko ya kashe wayar har abada, ya gwada ya ba su labari. Sista ta ɗauke wayar daga gabansa. Ta shiga banɗaki ta tsaya a kan bokitin ruwa, wayar tana tsakanin yatsunta biyu. Ta daɗe a haka. Sai ta tuna wayar da ta lalace ma hannun Mai Na'ura take komawa, wadda ta ɓata kuma sai an kai rahoto wurin 'yan sanda. Ta mayar da ita aljihu.

Daga nan ta binciko takardar da ta sa wa hannu, ta karanta a karo na farko. Sharaɗi na bakwai ya ce ma'aikaciyar da ta sauya wani abu a wayar za a dakatar da ita. Na takwas ya ce wadda ta bari bayanan marasa lafiya suka shiga hannun wanda ba ma'aikaci ba, kora ce, a miƙa lasisinta ga hukuma, a kuma gayyaci wanda ya gani ya yi bayani.

Ta fito falo ta tambaye shi ko bayanan matan suna cikin kwamfutarsa. Ya ce ƙwarai kuwa, ai shi mutum ne mai tsari, ba ya fara aiki sai ya kwafe komai. Har buɗewa ya yi ya tabbatar babu abin da ya lalace.

"Af, Sista," ya ce, "ashe matar mai shagon kusurwa cikin tagwaye gare ta? Ko jiya mun gaisa da shi, bai ce komai ba."

Mai shagon bai ce komai ba ne saboda bai sani ba. Matar ta roƙi Sista kada a faɗa sai an wuce watan da ta saba ɓari.

"Ka taya shi murna?"

"Na so, sai wani ya shigo sayen sabulu."

Ta sa shi ya goge komai a gabanta, ya shiga kwandon sharar kwamfutar ya sake gogewa. Ya yi, yana ƙunƙuni cewa ba a gode wa mai tsari. Sannan ya kawo shawara: ranar Alhamis zai ɗauki uzuri daga makaranta ya je da kansa ya wayar wa Mai Na'ura da kai, tunda a ganinsa duk ɗan boko zai fahimci batun 'yanci in aka yi masa bayani a tsanake. A duk kwanakin nan babu abin da ya tsorata ta kamar wannan.

"Baban yara," ta ce a hankali, "bar zuwan. Zauna ka koya mini yadda ka yi. Tun daga farko."

Shekara shida yana jiran wannan rana. Ya ɗauko allon yara da alli. Ya nuna mata inda ake danna lambar manhaja sau bakwai har ƙofar masu gyara ta buɗe, da maɓallan da ake dannewa tare, da umarnin da ake rubutawa a kwamfuta, da sunan manhajar da ya zuba. Ta rubuta a bayan takardar awo. Kwana uku tana haddacewa a cikin mota, leɓenta yana motsi, har wata tsohuwa da ke gefenta ta ce Allah ya karɓa. Injiniya ya sanar a ɗakin malamai cewa iyalinsa ta waye.

Mai Na'ura dattijo ne mai furfura, tabarau ɗinsa a rataye da igiya, ba ya son magana. Ƙarfe tara ya zauna a kujerar Babbar Sista, wayoyi shida a gabansa. Ya kashe ta farko ya kunna. Ta biyu. Ta uku. Ta Sista ce ta biyar.

Baƙi. Alama ruwan ɗorawa. Daƙiƙa goma, kuma babu wanda ya yi tari a cikinsu.

Aka fitar da sauran. Babbar Sista ta rufe ƙofa ta tambayi wanda ta ba wayar. Sista ta ce babu kowa, ita ce ta yi, nauyin wayar ne ya ishe ta. Babbar Sista ta tuna mata cewa ko watan jiya Gajera ce ta nuna mata yadda ake rage hasken fuska. Mai Na'ura ya cire tabarau ya ce ta faɗa masa yadda ta yi.

Ta faɗa. Sau bakwai, maɓallai biyu, umarnin kwamfuta harafi-harafi, sunan manhajar. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ya saurara yana kallon hannayenta da suka damƙe bakin riga. Ya tambaya a wace kwamfuta. Ta ce ta gida. Ya tambaya ko da wani a ɗakin. Ta ce ita kaɗai. Ya tambaya ina bayanan da ta kwafa. Ta ce ta goge, ta sake gogewa.

Fom ɗin da ke gabansa yana da akwati biyu, na bakwai da na takwas. Bakin bironsa ya tsaya a tsakaninsu.

"'Yata," ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "kin tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

Ya yi alama a na bakwai.

Dakatarwar wata uku ce, in ta dawo kuma babu zagayen gidaje, sai ɗakin ajiyar kaya. Babbar Sista ta karanta mata da muryar da take karanta jadawalin aiki. Aka raba matanta goma sha tara tsakanin sauran. Sista ta ja Gajera gefe a baranda ta faɗa mata wadda jininta yake hawa amma ba ta yarda ta sha magani, da wadda ba a yi mata maganar ciki in surukarta tana ɗakin, da wadda sai an buga ƙofar baya.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura ta fito bakin titi, farar rigar a naɗe cikin jaka. Ranar Alhamis da wuri Injiniya yake tashi daga makaranta, in ya tarar da ita a gida zai tambaya, in ya ji kuma zai saka takalmi ya nufi asibitin da bayaninsa. Ƙaramar wayarta ta ƙashin kanta ta yi ƙara. Saƙonsa ne, yana tambayar ko Mai Na'ura ya lura da saurin, kuma me ya ce.

Ta rubuta masa cewa ya lura.

Ta tsallaka zuwa rumfar jiran mota, ta zauna a ƙarshen benci inda inuwa take, ta ɗora jakar a cinya. Motar unguwarsu ta zo ta tsaya, direban ya leƙo ya yi mata alama da hannu. Ta girgiza kai. Sai ƙarfe huɗu ta saba tashi daga aiki.