Hannun Gwonsa Ok

Shin Ok Sun-rye ta san abin da take yi wa mijinta, ko kuwa ta maimaita maganar ne har ta zame mata gaskiya? Na daɗe ina juya tambayar nan. Wadda za ta amsa tana cika shekara guda a ƙasa ranar Lahadi mai zuwa. Mijin kuwa, Pyo Man-sik, bai san da wata tambaya ba sai ranar Talata, lokacin hutun abincin rana, a ɗakin masu gadi na rukunin benayen da yake aiki a Daejeon.

Muryarta kawai ya so ji. 'Yarsu Hye-ran ta taɓa gaya masa cewa cocin uwarta yana ajiye komai a shafinsa na intanet, wa'azin shekara talatin da waƙoƙi da shaidar masu bi. "Akwai ɗan gurbi a sama, Baba. Rubuta sunan Mama, zai fito maka da ita." Shi bai taɓa shiga cocin ba sai ranar jana'iza. A makon jiya ma Hye-ran ta roƙe shi ya tashi ranar tunawa da marigayiyar ya yi kalmar tuba a gaban jama'a. Ya ce, "Tuban me? Don ban zo na yi waƙa ba?" Ta kashe waya.

Ya ture kwanon shinkafarsa gefe, ya gyara tabarau, ya rubuta sunan da yatsa ɗaya. Abokin aikinsa Bang yana kallonsa da baki cike da kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji.

"Yaya Pyo, bazawara ka samu? Tun ɗazu kake lallashin wayar nan."

"Ci abincinka."

"In tana da ƙanwa ka tuna da ni. Ko haƙoran roba ne da ita ba komai, ni ma nawa na roba ne."

Sakamako bakwai suka fito, an jera su shekara bayan shekara. Ya taɓa na farko. Sai ga muryar Sun-rye tana da ƙuruciya, tana ba mata labarin yadda mijinta marar bi ya ɓoye mata takalma wata safiyar Lahadi. Matan suna dariya, ita ma tana yi. Man-sik ya murmusa. Ya yi hakan, sau ɗaya, ranar da ake shirya wa marigayi mahaifinsa teburin tunawa kuma ta ce ba za ta rusuna wa matacce ba.

A na biyu, bayan shekara biyar, takalman sun zama Littafi Mai Tsarki, kuma ba ɓoyewa ya yi ba, yagawa ya yi. Ya ɗaga kai ya dubi bango. Littafin yana nan a gida a kan akwatin talabijin, ko shafi ɗaya bai fita ba.

Na huɗu ya zo a shekarar zaɓen coci. Ya tuna shekarar sarai. Sau biyu Sun-rye ta nemi zama gwonsa, muƙamin manyan matan coci da ba a samu sai kashi biyu cikin uku na jama'a sun jefa wa mace ƙuri'a, sau biyu tana dawowa gida ta kwanta fuskarta a bango. A sanyin shekarar ta zame a kan ƙanƙara a matakalar kasuwa, hannunta ya karye. Shi ya goya ta zuwa bakin titi. Mako shida yana wanke mata kai. Ranar da aka ɗauki muryar nan ma shi ya kai ta ƙofar coci, ya jira a mota yana sauraron wasan ƙwallo.

"Hannun nan," in ji muryar, tana rawa, "ba zan faɗi yadda ya karye ba. Allah ya sani. Mijina ma ya sani."

Aka ji kukan mata da yawa, da amin mai tsawo.

Na biyar wa'azin babban fasto ne, shi kuma bai yi kwana-kwana ba. Ya ce akwai wata baiwar Allah a cikinsu da mijinta ya karya wa hannu saboda ta ƙi barin Ubangiji, ta kuma tashi da ɗaya hannun ta dafa masa miya. A na shida Sun-rye da kanta ta faɗi haka, har da miyar. Na bakwai darasi ne da ake saukewa a buga, don matan da mazajensu ba su yi imani ba. Darasi na huɗu, Hannun Gwonsa Ok. A ƙasa shafin ya nuna an sauke shi sau dubu goma sha ɗaya.

Bang ya daina tauna tun tuni. Ya rufe kwanonsa a hankali.

"Zamewa ta yi," in ji Man-sik.

"E mana, Yaya." Bang ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Bari in duba wurin shara. Mutanen bene na uku ba sa ware kwalabe."

Da yamma ya sauka daga aiki ya hau bas zuwa shagon Hye-ran, inda take sayar da kayan haɗin shinkafa. A hanya abubuwa suka riƙa faɗo masa ɗaya bayan ɗaya. Yadda Hye-ran ba ta taɓa barin jikarsa So-yul ita kaɗai da shi ba. Yadda surukinsa ke zuba masa giya rabin ƙoƙo ya janye kwalbar. Matan da suka bi shi da ido ranar jana'iza, shi kuma ya ɗauka tausayi ne.

Ya same ta tana yanka farin radish, wata saiwa mai kama da karas. Ba ta ajiye wuƙar ba.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na rubuta sunan uwarki."

Wuƙar ta tsaya. "To. Ka ji ke nan."

"A matakalar kasuwa ta faɗi, Hye-ran. Kina makaranta a Seoul lokacin."

"Haka ta ce min a waya. Haka kowace mace take cewa, Baba. Mu ne muke karanta darasin nan da su, na san maganarsu. Wannan ta zame, waccan ta buge ƙofa."

"Takardar asibiti tana nan."

"Me aka rubuta? Abin da ta gaya wa likita kana tsaye a kanta?"

Wata mata ta shigo ta sayi soyayyen ƙananan kifi. Hye-ran ta auna, ta ƙara mata kaɗan, ta raka ta da murmushi har ƙofa. Murmushin uwarta ne sak. Da ta juyo babu shi.

"In kuma ban yi ba fa?" ya ce.

Ta dube shi sosai, karo na farko a shekaru. Ya ga tambayar ta shiga, ya ga inda ta nufa, ya ga fuskar 'yarsa ta fara ɓaci kamar ta mai jin ƙasa na motsi a ƙarƙashinta.

"Wato Mama ce ta tsaya gaban mutum dubu uku ta yi ƙarya. Shekara goma sha biyar. Ni kuma na riƙa wanke mata ƙafa ina kuka." Ta share hannu a zanen gabanta, ta sake sharewa. "Baba, tun ina da shekara ashirin da ɗaya nake roƙon Allah ya ba ni ikon yafe maka. Saura kaɗan in iya. Na ma gyara maka ƙaramin ɗaki, So-yul ta zaɓi labule. Kalma ɗaya kawai nake jira. Kada ka karɓe min ita ma."

Bai tambaye ta ko uwar take nufi ko yafiyar ba. Ya tsaya yana kallon manyan robobin kimchi da ke jere a firiji. Ya san hanya ɗaya ce ta wanke kansa, kuma ta kan kabarin take bi, da 'yar a tsaye tana kallo.

"Minti nawa za su ba ni ranar Lahadin?"

Hye-ran ta rufe baki da bayan hannu. Sai ta buɗe aljihun teburin ta ciro takarda a ninke, gefenta ya yi laushi don daɗewa. "Uku. Na rubuta maka, don kada ka ruɗe. Za a ɗauka a sa a shafin, kusa da nata."

Ya gyara tabarau ya karanta a tsaye. Takalma, littafi, giya, duk suna nan. A layi na shida ya tsaya.

"Ba ni biro."

Ta miƙa masa. Ya soke kalma ɗaya ya rubuta wata a samanta.

"Hannun dama ne, ba na hagu ba," ya ce. Shi ya riƙa ba Sun-rye abinci da cokali, ba zai manta ba.

Hye-ran ta dubi gyaran, hawaye suka zubo mata. Ta kama hannunsa da nata biyu.

"Ka ga, Baba," ta ce. "Ashe kana tune."