Shuɗin Fenti a Kan Teburin Yanka

"Kar ki buɗe ido, Tela. Saura kaɗan."

Tafukan Dogo suna rufe da fuskarta, suna warin tina, ruwan sirka fenti, da kananzir. Yana tura ta a hankali daga baya, tana laluben ƙasa da ƙafa a gidan da ta san kowane lungunsa. Babban yatsansa ya danne daidai ƙasan idonta na hagu, inda kumburin bai gama sacewa ba. Ba ta ce masa ya sassauta ba.

Da safen nan yayanta ya dawo da ita, bayan makonnin da ta yi tana jinya a gidansa. Bai shigo ba. A bakin ƙofa ya dire mata jaka, ya dubi mijin nata ya ce, "Wannan ne na ƙarshe." Dogo, ƙaton mutum mai gadin ma'aikata guda shi kaɗai, ya zube ƙasa yana kuka yana rantsuwa. Ba wanda ya tilasta mata dawowa. Tana sonsa ne, irin son da ke sa mace ta kasa haɗa ido da 'yan'uwanta.

"Buɗe!"

Ɗakin ya koma shuɗi. Wadirob, kabad, durowar madubi, duk kayan fomekar nan masu kalar katako sun zama ruwan sararin sama. Ga sawun buroshi a jikinsu, ga gashin buroshin ma ya maƙale nan da can, fenti ya ɗiga a ƙasa ya daskare. Can gindin taga, kusa da keken ɗinkinta, teburin da take yanka a kansa shi ma ya sha nasa rabon. Kusurwar da ta gutsure ranar da goshinta ya bugu da ita, ya cika ta da fenti har ta yi tudu.

"Ba ke kika ce kina son wannan kalar ba? Tun kafin aure kika faɗa. Kin zaci na manta?"

Dariya ta zo mata tare da hawaye. Ya tuna! Mutumin da ba ya tuna inda ya ajiye makullinsa.

"Ni kaɗai na yi," ya ce yana buga ƙirji. "Mai sayar da fentin sai surutu yake, wai fomeka santsi gare ta, sai na kankare ta da sanfefa, na shafa na ƙasa ya bushe, sannan na shafa na sama. Na ce malam, fenti zan yi ko gini? Miƙo galan kawai."

"Ka zama injiniya ke nan."

"Da can fa?"

Ta dubi teburin. Saboda santsin nan ta saye shi, don yadi ya riƙa zamewa a ƙarƙashin almakashi kamar ruwa. Ta haɗiye maganar. "Ya yi kyau ƙwarai," ta ce. "Sannu da aiki."

Da rana ta ɗaga, ta ciro farin yadi daga jaka. Rigar aikin wata nas ce, baiwar Allah da ta yi ta haƙuri ba ta kai wa wani telan ba. Ta taɓa teburin da bayan yatsa, ta ji ya bushe. Ta shimfiɗa yadin, ta jona dutsen guga a gefe, ta auna, ta ja layi da alli, ta jingina gwiwar hannu a kai tana yanka. Rana na dukan teburin ta taga. Ƙarar almakashin ta sanyaya mata zuciya, har ta fara 'yar waƙa a hanci.

Ta ja yadin don ta juya shi. Ya ƙi motsi.

Ta sake ja. Sai ya taso da wata irin ƙara, kamar ana ɓare filasta daga ciwo, ya taho da fentin falle guda, faɗinsa ya kai faranti. Tsohuwar fomekar ta leƙo daga ƙasa tana ƙyalli, ko ɗigo bai kama ta ba.

A lokacin Dogo ya shigo da kofin ruwan sanyi da ya ɗebo mata.

"Me kika yi?"

"Ban yi komai ba. Da kansa ya taso."

"Da kansa." Muryarsa ta yi ƙasa, irin ƙasan da ta sani. "Ban yi barci ba, ban ci abinci ba, hayaƙin tina ya cika min ƙirji, ke kuma da isowarki kin sa farce."

"Wallahi ba farce ba ne. Duba yadin mutane ma ya lalace. Ai mai fentin ya gaya maka..."

Kofin ne ya fara samunta a baki. Marin ya biyo baya, ya watsa ta jikin kabad, kwanuka suka zubo. Ta ji ɗanɗanon jini. Ya shuri durowar madubi, madubin ya faɗo ya tarwatse. Ya damƙi gefen fentin teburin ya fizga, ya taho masa dogon zare kamar fata, ya cusa mata a fuska.

"Ci! Ba shi kike so ba? Raina ni kika dawo yi, ke da yayanki!"

"Dogo, don Allah..."

Ya kama ta a wuyan hannun dama, ya janyo ta, ya danne tafin a kan teburin. Yatsunta suka baje. Da ɗaya hannun ya fizgo dutsen guga har wayar ta tsinke daga bango. Ta ji hucin zafinsa a kumatunta.

"Wannan hannun ne ko? Shi kike taƙama da shi? Yau zan ga da me za ki ƙara ɓare min aiki."

Ta dubi yatsun nan da suka ciyar da ita tun tana budurwa. Fuska takan warke, haƙarƙari ma ya warke, ta gani da idonta. Yatsu in sun narke ba sa komawa ramin almakashi. Hannunta na hagu ya lalubi teburin, ya sami ƙarfe mai sanyi. Ba ta yi tunani ba. Ta ɗaga ta caka masa a dantse da dukan ƙarfinta.

Ihun da ya yi bai yi kama da na mutum ba. Dutsen gugar ya faɗi ya fasa tayil. Ya ja da baya yana tangaɗi, ya zame jikin wadirob ya zauna daɓas, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunsa.

"Tela... kin kashe ni, Tela."

Ta tsaya tana haki, almakashin na ɗiga. Sannan ta juya ta yanko dogon ƙyalle daga farin yadin, ta durƙusa a gabansa, ta naɗe dantsen tamau, ta ƙulle da haƙori. Ya kifa kai a kafaɗarta yana shessheƙa kamar yaro, ita kuma, Allah ya sani, sai da ta shafa ƙeyarsa sau ɗaya.

"Ka je asibiti su ɗinke," ta ce.

"Zan sake shi. Gobe zan sayo sanfefa, in yi yadda aka ce. Zai kama, za ki gani."

Ta miƙe. Ta cire bel ɗin keken, ta kwance kan keken daga mazauninsa, ta naɗe shi da zani. Ta goge almakashin ta soke a jaka. Ta rusuna ta ɗora ƙarfen nan mai nauyi a ka, ta taka fasassun madubi ta fita. Yana kiranta, muryar na raguwa a bayanta.

A bakin get ta yi kiciɓis da maƙwabciyarsu ta dawo daga kasuwa, hannu biyu cike da leda.

"A'a, Tela, ashe kin dawo! Sannu da zuwa. Yanzu nake cewa in kawo miki ɗinki."

Ta ja mayafi ta rufe leɓenta da ya fashe, ta gyara zaman keken a kanta.

"Ki kawo gidan yayana," ta ce. "Can za ki same ni."