Tofin Abdulwadud

A shekarar da aka shafa wa gidansu na unguwar Nakkasa a Makka jan fenti, alamar za a rushe shi, Hajiya Zubaidatu ta kira 'ya'yanta biyu su taya ta haɗa kaya, za ta koma unguwar Zahir. Babban, Majid, direban bas ne. Ƙaramin, Abdulwadud, malami ne mai gemu har ƙirji, yana karantar da ɗalibai 'yan Najeriya hadisi.

Majid ne ya hau kujera ya sauko da wani ƙunshin koren yadi daga saman kabad, yana ta ƙamshin turare. Ya ɗauka littafi ne. Da ya kwance, sai ga na'urar wasan talabijin da mahaifinsu ya sayo musu tun suna yara, baƙa, da sandar tuƙi biyu da kaset uku. Atari kowa yake ce mata a unguwar, ko da yake kwaikwayo ce.

"Ya Ummi, wannan kuma me ya kai ta cikin turare?"

"Riƙe ta da ladabi," in ji Hajiya. "A kanta na fara ganin baiwar ƙaninka. Da idona na gani, abin nan ya mutu murus. Yaron nan ya zare kaset, ya yi masa tofi sau uku, ya mayar, sai ga jirage suna tashi a talabijin. A ranar na ce wa babanku, wannan karatun addini zai yi."

Majid ya zauna a kan katifa a hankali.

"Ummi, ƙura yake hurewa. Kuma wallahi ni na koya masa!"

"Kai ban taɓa ganin ka yi ba."

"Ai ni ke riƙe da wayar eriya a bayan talabijin!"

Abdulwadud ya shafa gemu ya ce, "Yaya, komai rabo ne."

"Rabo? Shekara ashirin ina jigilar alhazai zuwa Muzdalifa cikin rana, kai kana ƙarƙashin fanka, ashe duk a kan iskar baki ne?"

Hajiya ta tuna matan unguwa nawa ta kawo wa yaron nan da ciwon kai don ya yi musu tofi, yana ɗan shekara tara.

"To su da suka warke fa?"

"Kin manta Panadol ɗin da kike ba su a bakin ƙofa?" in ji Majid.

Ta kama dariya har sai da ta dafa bango.

Tsohuwar talabijin ɗin ba a riga an ɗaure ta ba, sai suka jona. Kaset ɗaya ya tashi. Malam ya naɗe hannun riga, direba ya cire agogo, suka zauna a ƙasa tsakanin kwalaye. Mai motar kwasar kaya ya yi ta danna oda a ƙasan tudu har ya gaji ya hawo da kansa. Ya tsaya a bayansu ya ɗan kalla, sannan ya ce idan an cinye wani, shi ne na gaba.